Uban Aro

Shi kaɗai ya zo. Wannan shi ne laifin, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya tsiro.

Ranar Asabar bayan la'asar, zafin Jidda bai gama sauka ba, Othman ya yi sallama a ƙofar gidan Kawu Abdulghani da ke Waziriyya. Farar jallabiya ya sa, sabuwa fil, sawun ninki ma bai bar jikinta ba, ya rungumo kwalin dabino da hannu biyu. Babu dattijo a gabansa, babu aboki a bayansa. Mutum ya taho neman aure kamar wanda aka aika karɓo saƙo.

Sajida tana bayan labulen falo, ta dafe ƙirji. Ita ce ta ce masa ya je ya ga Kawu. Abin da ba ta faɗa masa ba, don ba ta taɓa zaton akwai wanda bai san shi ba a duniya, shi ne saurayi ba ya zuwa da ƙafarsa, manyansa yake turowa. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

Ya shiga ya zauna a kujera daidai da Kawu, bai nemi ƙasa ba. Ya dubi tsakiyar idonsa, don a Amurka inda ya yi aiki an koya masa wanda ke sunkuyar da kai yana ɓoye wani abu. Sannan ya fito da Hausar da ya yi kwana da kwanaki yana bita.

"Kawu, ina son Sajida. Ka ba ni ita."

Sajida ta runtse ido. Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Kawu ya shanye shayinsa, ya ajiye kofi a hankali. Sannan ya juya harshe zuwa Larabci don kada baƙon ya ce bai gane ba. Ya tambayi ubansa, Othman ya ce ya rasu. Ya tambayi baffanninsa, ya ce suna can ƙasarsu. Ya tambaya wa ya san shi a garin nan. Bawan Allah ya yi ta lalube, can ya ambaci kafilinsa, mai maɗaba'ar da ya ɗauko shi aiki, da wani ɗan Bangladash da ke kula da injin buga takarda.

"Mu ba a titi muka tsinci 'yarmu ba," in ji Kawu, "ba kuma za mu ba wanda muka tsinta a titi ba. Mai son 'yar mutane, mutanensa yake turowa. Halas, magana ta ƙare. Ɗauki dabinonka."

Ta tagar kicin Sajida ta hango shi yana tafiya a lungu, kwalin a rungume, bai ma san hanyar da ya ɗauka ba ta titi ba ce. Ta so ta ƙwala masa kira ta ce ka juyo, can babu mafita.

To wane ne wannan Othman? Sunansa na yanka Wilner, mutumin Haiti ne, wani tsibiri na baƙaƙen fata can gefen Amurka. Yarensu Kireyol, amma a makarantar da ya yi da Faransanci ake karatu, kuma ya sha bulala don kawai ya yi magana da harshen uwarsa a aji. Girgizar ƙasa ta ci mahaifinsa, shi kuma ya tsallaka Florida, ya faɗa wani ƙaramin kamfanin 'yan ƙasarsu da ke buga littattafan yara masu harshe biyu. Shafin hagu Kireyol, shafin dama Turanci. A can ya musulunta, daga baya ya zo umara, zuciyarsa ta ƙi komawa, ya samu aikin tsara shafuka a wata maɗaba'a a Aziziyya. Da rana ya tsara katin biki da takardun shaguna, in an tashi ya zauna ya ci gaba da littattafan yaran Haiti, yana tura musu ta kwamfuta. A duk faɗin Jidda bai taɓa cin karo da mutum ɗaya da zai gaisa da shi da yarensa ba.

Ita kuwa Sajida a Jidda aka haife ta, ba ta taɓa taka Najeriya ba. Zanen furen katin aure take yi a gida tana kai wa maɗaba'ar. Wata rana ya ga a gefen takardarta ta zana wata 'yar yarinya baƙa da kitso tana cin mangwaro, don wasa kawai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da guntun Larabcinsa ya gaji da neman wanda zai zana masa yara masu kama da yaran da za su karanta littafinsa. Daga nan aka fara. Ta zana masa duwatsun da ba ta taɓa gani ba, da jaki, da teku mai launin da na Jidda ba shi da shi. Yana gyara mata yana dariya, tana koya masa Hausa tana dariya, har dariyar ta zama abin da ba ya gyaruwa.

Da magaribar Asabar ɗin nan Kawu ya tara su, Sajida da Umma. Bai ɗaga murya ba, ai da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce tun rasuwar Rilwanu mahaifin Sajida shi yake riƙe da su, shi yake bin kafili yana lallashi duk lokacin da iƙamarta, takardar zamanta a ƙasar, za ta ƙare, kuma shi ma ba yaro ba ne. Ya ce ga Badr nan, jikan Hausawan da suka zama 'yan ƙasa tun zamanin kakanni, da aikinsa a tashar jirgin ruwa, da gidansu, da danginsa da in sun zo falo ba ya ɗaukarsu. Ranar Juma'a bayan la'asar manyansa za su zo, kuma zai ba su amsa. Abin da babba ya hango, in ji shi, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ni dai ba zan ce Badr mugu ne ba, kada in ɗau alhaki. Yaro ne mai ladabi da ƙamshin turare. Sai dai ranar da Sajida ta nuna masa zanenta, ya ce ya yi kyau, idonsa kuwa na kan waya.

Sajida ta juya ta dubi Umma, don nan ne kaɗai ta sa rai. Umma A'i tana kallon tafin hannunta.

"Umma, ki sa baki."

"Me zan ce? Yaya ya gama magana."

"Ba ki ma san shi ba, Umma. Ba a bar shi ya sha ko ruwa ba."

"Na san abin da na sani." Muryar Umma ta yi ƙasa. "Na san yadda ake kwana ana sauraron ƙofa. Ina so ke ki kwana ba ki saurari komai ba. Wannan yaron ina zai kai ki? Ƙasarsa da shi ma ya baro? Ko Amurkar da ko a mafarki ba zan je ba? Ke kaɗai gare ni."

Nan hawayen Sajida suka ɓalle, don gaskiya ce, kuma ba a yi wa gaskiya gardama. Tun kafin a haife ta Umma ta zo umara daga Gumel ba ta koma ba, ba ta da takarda ko ɗaya. Waina take soyawa a gida, maƙwabta su shigo su saya. Iyakarta shagon kan kwana, ba ta wuce nan, don tsoron jami'an da ke tare mutane su tambayi iƙama su loda su zuwa gida. Ranar da mahaifiyarta Inna ta rasu a Gumel, a waya aka gaya mata, a waya ta karɓi gaisuwa, don ta san in ta fita ba ta dawowa, ga jaririya a bayanta. Ko Kaka Zaharadden, tsohon telan unguwar Balad da ke aiko wa Sajida alawa kowace Salla, rabon Umma da ganinsa tun jana'izar mijinta. Kuma da yake Sajida 'yar fari ce, Umma ba ta taɓa kama sunanta ba, balle ta gaya mata wata magana mai laushi. "Ke" ce kawai tun tana goye.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Ana cin abinci, ana wanke kwano, ana salla, babu mai kallon wani. Sajida ta zauna gaban takarda, fensir ya ƙi tafiya. Ba ta da ƙawar da za ta gaya wa. 'Yan matan unguwa da suka ji labari dariya suka yi, suka ce wa zai bar ɗan ƙasa ya auri ɗan ƙasar da ba a san inda take a taswira ba. Ita da ta tashi cikin mutane, ba ta taɓa sanin mutum zai zama shi kaɗai haka a ɗakin uwarsa ba.

Ranar Laraba da hantsi ta sa abaya ta ce za ta kai aiki. Ba ƙarya ta yi ba, akwai kati a jakarta.

Maɗaba'ar tana nan yadda ta san ta, injin yana ta ƙugi, warin tawada ya cika ko'ina. Othman yana can teburinsa na kusurwa. Ya rame, kwalin dabinon kuwa yana ƙarƙashin tebur ba a buɗe ba. Da ya gan ta ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi.

Ta ba shi haƙuri, ta ce laifinta ne da ba ta gaya masa ba. Ya ce a'a, yanzu ya tambaya an yi masa bayani, ya gane abin da ya yi, kuma da shi ne Kawu da ya kori kansa. Ya ce ya kira mahaifiyarsa a garinsu Jakmel, can Haiti, bayan ta dawo daga coci, ta yi kuka ta sa masa albarka, amma tsohuwar da ko babban birninsu ba ta iya zuwa, ina ita ina Jidda. Ya roƙi kafilinsa, shi ya ce ba ya shiga harkar aure.

"Jiya na tsaya a ƙofar masallaci bayan salla," in ji shi, rabi Larabci rabi Hausa. "Ina kallon tsofaffi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne uban wani ne, Sajida."

Ta juyar da kai ta kalli bango.

Ta gaya masa maganar Juma'a. Bai ce komai a kan Badr ba. Ya ce dai in hakan ta faru ba zai iya zama a garin da zai riƙa tsara katin bikinta ba, zai nemi takardar fita ta ƙarshe ya koma Florida. Sannan ya jawo aljihun tebur ya ɗauko littafi. Nasu ne, wanda suka yi tare, labarin wata 'yar yarinya Ti Roz da aka kai Amurka ta baro kakarta a kan dutse. Amma wannan kwafi ɗaya ne tak, da hannunsa ya ɗinke shi. A shafin hagu Kireyol yana nan, a shafin dama kuwa ya cire Turanci ya sa Hausar da suka fassara tare suna wasa.

Ya taɓa gaya mata dalilin da ya sa ake yin littafi haka. Uwa ba ta jin Turanci, ɗa yana mance Kireyol, to sai su zauna kafaɗa da kafaɗa, ita ta karanta gefenta, shi ya karanta gefensa, hoto ya haɗa su a tsakiya. Ya ce shi wannan ne aikinsa a duniya, bai iya wani ba.

Ta buɗe shafin ƙarshe. Yarinyar tana bakin taga a garin dusar ƙanƙara, a sama kuma fuskar kakar. Hagu an rubuta: M sonje w, Grann. Dama babu komai, fari fat.

A nan dama suka tsaya tun farko. Ranar da ta fara jin kalmar sonje ta tsokane shi ta ce ashe yarensu ma ya san so. Ya ce ba so ba ne, amma maƙwabcinsa ne. Kalma ɗaya ce a wurinsu, ita ce tunawa, ita ce kuma kewa. Sajida ta ce a Hausa biyu ne, sai an zaɓa. Ta rubuta na tuna ki, ta ga ya yi sanyi, ai mutum yana tuna inda ya ajiye makulli ma. Ta rubuta ina kewarki, shi ya ce to ina tunawar ta tafi? Suka bar shi sai wani lokaci, don a lokacin suna ganin suna da lokaci.

"Ki cike shi," in ji shi. "Ko ba na nan."

Ta rungume littafin a cikin abaya ta fita. A mota ta yi kuka a hankali, direban ya ƙara muryar rediyo don ya rufa mata asiri.

Ranar Alhamis da rana, bayan an gama suya, Umma ta shigo ɗaki neman almakashi ta tarar da ita kwance, littafin a buɗe a kan filo. Ta yi kamar za ta wuce, sai ta tsaya cak.

"Wannan wace ce?"

Sajida ta tashi zaune. Ta ce kakar yarinyar labarin ce, wata tsohuwar Haiti.

"Ƙarya kike. Inna ce."

Ita ce kuwa. Sajida ba ta taɓa ganin tsohuwar Haiti ba, da aka ce ta zana kaka, sai hannunta ya tafi ga ɗan hoton nan da ya koɗe da ke cikin akwatin Umma. Wushiryar tana nan, ɗaurin kallabin da ya karkata hagu yana nan, har da yadda take ɗan runtse ido ɗaya. Othman da ya gani ya ce sak kakarsa, kada ta canza komai.

Umma ta zauna a bakin katifa, hannunta duk mai, ta goge a zani kafin ta taɓa takardar. Ba ta iya karatun boko ba, don haka ta ce a karanta mata. Sajida ta karanta gefen dama, shafi bayan shafi. Yadda aka sa yarinya a jirgi aka ce mata kwana kaɗan ne. Yadda kakar ta cusa mata gyaɗa a aljihu. Yadda muryar kakar a waya take ƙara nisa kowace shekara.

Da suka kai ƙarshe ta ɗora yatsa a kan farin shafin ta tambayi abin da ya sa nan babu rubutu. Sajida ta yi mata bayanin kalmar, da yadda suka rasa Hausarta.

Umma ta daɗe tana kallon fuskar Inna.

"Bege ne," in ji ta. "Ba ku rasa ba, ba ku kai shekarun saninta ba ne. Tunawa tana zuwa ta tafi. Kewa in ka ga mutum ta warke. Bege kuwa shi ne wanda ka san ba za ka gan shi ba, ka ƙi ajiye shi." Ta ja numfashi. "Begen Manzo ya kawo ni ƙasar nan. Begen Inna ya hana ni jin daɗinta."

Tunda Sajida ta yi wayo ba ta taɓa ganin hawayen uwarta ba sai ranar. Ba kuka mai sauti ba, zuba kawai suke, tana kare littafin da gefen hannu kada su ɗiga a kai. Can ta tambaya ko yaron ne ya rubuta labarin da kansa. Sajida ta ce shi ne. Ta tambaya ko uwarsa tana raye, kuma rabonsa da ita yaushe. Sajida ta ce tana raye, rabonsa da ita tun yana saurayi ɗanye. Umma ta gyaɗa kai, ta ɗauki almakashinta ta fita. Sajida ta ɗauki fensir ta rubuta a farin shafin: Ina begenki, Kaka. Sannan ta kife littafin, don cike shafi ba ya hana Juma'a zuwa.

Safiyar Juma'a, Kawu ya riga ya fita masallaci, Sajida ta fito ta ga Umma tsaye da baƙar abayar da ba ta sawa sai za ta shagon kan kwana, da takalmin da ya bushe don rashin sawa.

"Ke, kira min yaron nan. Ki ce ya jira ni a Bab Makka in an sauko daga salla."

Bab Makka fa, can cikin Balad, tsohon gari, inda jami'ai suka fi tare mutane. Sajida ta sha gabanta ta riƙe ƙofa. Ta ce ta yafe, wallahi ta yafe auren, za ta auri Badr, za ta auri duk wanda aka ce, amma kada Umma ta fita. In aka kama ta fa? Ita da wa za ta zauna?

"Matsa min. Ki zauna ki dafa gahawar baƙi, kada ki cika citta."

Ta fita. Sajida ta bi ta da ido ta taga har ta kai shagon kan kwana. A nan ta ɗan tsaya, kamar akuyar da ta zo ƙarshen igiyarta. Sannan ta wuce.

Wannan yini Sajida ba za ta manta da shi ba. Ta daka, ta dafa, ta jera finjalai a faranti, kunnenta na kan ƙofa. Duk motar da ta tsaya a lungu sai gabanta ya faɗi. Ta kira Othman, wayar tana ta ringi babu amsa. Kawu ya dawo ya tambayi ina A'i take, da ya ji inda ta tafi sai fuskarsa ta canza, ya zauna a kujera ba shiri. Bai yi faɗa ba. Tsoro ne ya kama shi, don ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya.

La'asar ta yi, manyan Badr suka iso, mota biyu. Mahaifinsa da baffanninsa, masu farin gemu da ƙamshin turaren oud, falo ya cika har wasu suka zauna a hannun kujera. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Sajida ta miƙa farantin gahawa ta bayan labule. Mahaifin Badr ya gyara murya, ya fara da yabon zumuncin da ke tsakaninsu.

Sai aka yi sallama a ƙofa, da wata tsohuwar murya mai karkarwa.

Kaka Zaharadden ne. Ya tsufa tukuf, ido ya yi fari, hannu ɗaya a kan sanda, ɗayan a kafaɗar Othman. Othman kuwa kansa a sunkuye, an dai koya masa a hanya. Da ya zaunar da tsohon, sai ya nemi ƙasa kusa da takalma ya durƙusa. Kowa a falon ya san telan Balad, don da wuya a cikinsu akwai wanda bai ɗinka masa rigar ango ba. Suka miƙe suna gaishe shi.

"Ku zauna, ku zauna," in ji shi. "Ku gafarce ni na katse ku. Na zo nema wa ɗana aure ne. Ya riga ya zo ranar Asabar, kuskurensa ya zo ba uba. To ga uban."

Kawu ya buɗe baki, ya ce Baba ai wannan ba ɗanka ba ne, ɗan wata ƙasa ne can.

"Rilwanu ɗana ne?" Tsohon ya juya fararen idanunsa wajen muryar. "Abdulghani, ranar da ka jawo hannunsa ka kawo shi shagona, yaro daga Damagaram da riga ɗaya, ka ce Baba ka zame masa uba zan ba shi ƙanwata, na tambaye ka wa ya san shi? A garin nan wane ne a cikinmu ya zo da ubansa? Duk aro muka yi. Wanda ya ce ba a ara wa kakansa ba, ya faɗa in ji."

Babu wanda ya faɗa. Mahaifin Badr ya dubi finjalinsa, ɗaya daga baffannin ya yi ɗan murmushi yana shafa gemu. A bayan labule Sajida ta toshe bakinta da mayafi. Sai yau ta san ta inda Kaka ya zama kakanta.

Kawu ya daɗe kansa a ƙasa. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja. Bai dubi Othman ba, labulen ya duba.

"Sajida, ƙaro finjali biyu."

Ta ruga kicin. A can ta tarar da Umma, ta shigo ta ƙofar baya, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno ta cire takalma, ƙafafunta sun kumbura, ɗan yatsa ɗaya ya fashe. Sajida ta zube a gabanta ta riƙe ƙafafun tana kuka. Umma ta ce ta daina, ba abin da ya faru, sun ga jami'ai a bakin kasuwa, yaron ya karɓi jakarta ya riƙa kiranta Mama da ƙarfi har suka wuce. Ta ce kuma ta kwantar da hankalinta, Kawunta bai taɓa iya musa wa tsohon nan ba, ba kuwa yau zai fara ba.

"Amma Umma, ke kika ce in ya tafi da ni..."

"Na ce. Kuma zai tafi da ke, aikinsa ba na nan ba ne." Ta zare ƙafarta, ta ɗauko finjali biyu daga kwando ta goge su da gefen mayafinta, ta ɗora mata a hannu. "In kin haihu, ku yi musu irin littafin nan, ki sa Hausa a gefe ɗaya. Ki zana ni da kyau, kada ki sa min wannan takalmin."

Sajida ta yi dariya cikin kuka. Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa.

"Sajida."

Ta tsaya. Ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba.

Umma ba ta dube ta ba, murhu take kallo.

"Na riga na fara begenki. Je ki, gahawa za ta huce."